Neman shawara kan ziyarar Badagry daga Zariya

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum. Ina da niyyar kai iyalina Badagry da ke jihar Legas a hutun makaranta, domin yaran ba su taɓa ganin teku ba sai a talabijin. Wane lokaci ya fi dacewa, kuma me ya kamata mu gani?

Malamin Samaru: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka bari sai Disamba, saboda ruwan sama yana yawaita a Legas a watannin Yuni da Yuli. Akwai gidan bene na 1845 wanda ake cewa shi ne na farko a Najeriya. Amma abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne tsibirin Gberefu, inda muka haye ruwa a kwalekwale, muka taka rairayin da aka bi da bayi zuwa jiragen ruwa, bayan mun ga sarƙoƙinsu a gidan tarihi.

Hajiyar Sabon Gari: Ƙanena, ka riƙe hannun yaran sosai, domin igiyar tekun Atlantika tana janye mutum ko da ruwan iya gwiwa ne. Kuma ku bar cikin Legas da asuba, kafin cunkoson motoci.

Ɗan Tudun Wada: Na gode, Hajiya. Allah ya saka da alheri.