Perth ko Ahmedabad: a wane fili ake gane gwanin buga kurket?

Malam Habu: Salamu alaikum. Ni har gobe ina nan kan bakata: ba a gane gwanin bugu a kurket na kwana biyar sai a Ingila, Ostireliya ko Afirka ta Kudu. A can ne ƙwallo ke tasowa har haƙarƙari, a can take karkata a iska. Filayen Indiya kuwa ƙura ake tanada don masu murɗa ƙwallo, wato masu jifan da ƙwallonsu ke juyawa bayan ta taɓa ƙasa. Ku tuna wasan Indiya da Ingila a Ahmedabad a Fabrairun 2021. Wasan kwana biyar, a kwana na biyu aka tashi. Ingila ta yi maki 112, ta dawo ta yi 81. Joe Root na Ingila, wanda jifa ba shi ne aikinsa ba, ya fitar da mutum biyar a kan maki 8 kacal. Wannan ai ba fili ba ne, gona ce da aka yi wa huɗa.

Sadiya: Wa alaikumus salam Malam. Allah ya huci zuciyarka, amma mudu biyu kake awo da shi. A Cape Town, Janairun 2024, jifa 642 kawai aka yi wasa ya ƙare. A duk tarihin wasan kwana biyar ba a taɓa samun mai nasara da sauri haka ba. Afirka ta Kudu ta ƙare a 55. Indiya tana kan 153 mutum shida suka fita ba a ƙara ko maki ɗaya ba. Ban ji ka kira wannan gona ba.

Malam Habu: Hukumar kurket ta duniya, ICC, ta ce filin Cape Town ɗin bai gamsar ba, kuma na yarda da ita. Amma can kuskure ne na mai gyaran fili. A Indiya da gangan ake yi.

Sadiya: Ciyawar da ake bari kore shar a Brisbane fa? A Disambar 2022 kwana biyu aka yi a filin Gabba na can, tsakanin Ostireliya da Afirka ta Kudu. Kowa gidansa yake gyarawa yadda zai ji daɗin kwana.

Bashir: Bari in shigo, tunda na zauna a Leeds ta Ingila, na kuma sha zama a filin Headingley na garin. Malam Habu yana da gaskiya a wuri ɗaya. In gajimare ya rufe da safe aka ɗauko sabuwar ƙwallon Dukes da ake wasa da ita a Ingila, abin sai wanda ya gani. Ɗinkinta a tashe yake, kuma yana daɗewa bai kwanta ba, ba kamar na Kookaburra ta Ostireliya ba. Ƙwallo za ta taho kamar ta nufi sandunan da mai bugu ke karewa, a taku na ƙarshe ta kauce, ta lashi gefen sandar mai bugu, ta faɗa hannun waɗanda ke jere a baya suna jira. Virat Kohli na Indiya ya ɗanɗana a Ingila a 2014: maki 134 a shiga bugu goma, James Anderson ya fitar da shi sau huɗu, don hannunsa na bin ƙwallon da ya kamata ya ƙyale ta wuce. Da ya dawo a 2018 sai ya riƙa tsayawa gaban layi domin ya tari ƙwallo kafin ta gama karkata. Ya tashi da 593. Ba a daina jayayya a kansa ba sai bayan wannan.

Nura: Yaya Bashir, to me ya sa ba a yi wa Ricky Ponting na Ostireliya wannan jarabawar? A Indiya matsakaicin makinsa bai kai 30 ba, amma ba mai cewa bai iya ba.

Ni a Pune na yi karatu, a can na fara riƙe sanda. Ranar farko wani ɗan ajinmu, siriri ne, ko gudu ba ya yi, taku huɗu ya saki ƙwallo. Ta farko ta sauka ta juya ta wuce ni da kusan kamu ɗaya. Ta biyu ma haka. Ta uku na miƙa ƙafa, na kai sanda inda nake zaton za ta juyo, sai ta zo miƙe ta bugi sanduna. Hannu ɗaya, wuri ɗaya ta sauka. A nan na gane cewa wadda ba ta juya ba ita ce makashiya. Ku sake kallon Ahmedabad ɗin da Malam ke magana. Axar Patel, mai murɗawa na Indiya, ya fitar da mutum 11, kuma da yawansu miƙaƙƙiyar ƙwallo ce ta ci su. Wasan dare ne, da ƙwallo mai ruwan hoda, fentinta na sa ta sulɓe da sauri bayan ta taɓa ƙasa. 'Yan Ingila suna buga juyin da ke cikin ransu, ba ƙwallon da ke gabansu ba. Laifin fili ne wannan ko na ƙafa da ido?

Alhaji Garba: Madalla Nura. Mu da muka fara bin wasan nan a rediyo mun san filin ƙura yana da maganinsa. Matthew Hayden ya zo Indiya a 2001 ya yi 549 a wasa uku, yana durƙusawa a gwiwa ɗaya yana share ƙwallo kafin ta juya. Kevin Pietersen ya yi 186 a Mumbai a 2012, Alastair Cook ya yi ɗari sau uku, Ingila ta ci gasar 2-1. Ko dai ka fito ka same ta inda ta sauka, ko ka ja baya sosai ka jira ta gama abin da za ta yi. Mai tsayawa tsaka-tsaki shi ake ci.

Malam Habu: Alhaji, Allah ya ƙara girma, ban musa ba. Amma mai murɗawa sandunanka kawai yake nema. Mai jifan ƙarfi yana iya karya maka yatsa, ko abin da ya fi haka. Phillip Hughes a filin Sydney ƙwallo ta same shi a wuya a 2014, ya rasu. Ku dubi Pujara na Indiya a Gabba a 2021: ƙwallo 211 ya fuskanta don maki 56, an buge shi a hular kwano, a ƙirji, a hannu, bai gusa ba, har Indiya ta cimma 328 a filin da Ostireliya ba ta sha kashi ba tun 1988. Wannan jarumtar ba a gwada ta a filin ƙura.

Sadiya: Jarumta daban, gwaninta daban, Malam. Da farko ka ce gwani. David Warner na Ostireliya a filayen Perth da Brisbane ya ƙware, ba ya tsoron ƙwallo mai tashi. Ya je Ingila a 2019 ya yi 95 a shiga goma, Stuart Broad ya fitar da shi sau bakwai. Ashe su kansu ƙasashen da ka haɗa wuri guda ba jarabawa ɗaya suke yi ba. Shi kuwa Steve Smith, shi ma ɗan Ostireliya, 109 ɗin da ya yi a Pune a 2017, a filin da Indiya ta ƙare a 105 da 107, ni a wurina ya fi ɗari da yawa da ya yi a gida.

Nura: Kuma ƙurar ba ta san ɗan gida ba. A 2024 New Zealand ta ci Indiya 3-0 har gida, Mitchell Santner ya fitar da mutum 13 a Pune.

Malam Habu: To ai ka kawo mini hujja, ƙanena. Santner bai taɓa fitar da mutum biyar a zagaye ɗaya ba kafin wannan wasan. In fili ya daidaita shi da Ashwin, gwanin murɗawa na Indiya, to ya zama caca. Filin da nake so shi ne wanda rana ta farko mai jifan ƙarfi zai ci, ta biyu da ta uku mai bugu ya huta, ta biyar ƙasa ta tsattsage mai murɗawa ya karɓa.

Bashir: A kan wannan ina tare da kai, amma ka lura ka bar maganarka ta farko. Chennai ma ta ba da irin wannan filin a wasan farko na Indiya da Ingila a 2021: Root ya yi 218, aka kai kwana na biyar.

Malam Habu: Chennai ɗin na karɓa. Ahmedabad kuwa, Nura, zan sake kallo a daren nan in ƙirga da kaina mutum nawa miƙaƙƙiyar ta fitar.