Tayil ɗan Sifen, ɗan Indiya ko ɗan Caina: wanne zan saka a gidana na Tumfure?

Baban Sadiq ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni shiga wannan harka. Shekara huɗu ke nan ina lallaɓa ginin gida a Tumfure cikin garin Gombe, ɗaki uku da falo biyu, da albashin koyarwa da ɗan abin da gona ta bayar. An yi rufi, an yi filasta, an zuba jamanfulo, saura tayil da fenti. Hayar da nake ciki a Bolari za ta ƙare bayan Babbar Sallah, kuma ba na son mai gidan ya sake ganin kuɗina.

Da aka auna, ƙasan gidan ya kama murabba'in mita 130, ban da bangon kicin da na banɗaki. Ranar Asabar na zaga shaguna uku a cikin gari. An fito min da mai faɗin santimita 60 da 60 iri uku, duk masu ruwan madara da 'yar jijiya irin ta mabul, kuma wallahi da ido na kasa raba su. Ɗan Indiya shi ne mai sauƙi, ɗan Caina ya ɗara shi kaɗan, ɗan Sifen kuwa kuɗin kwali ɗaya ya kusa sayen uku na Indiya. Kowanne aka ɗago sai a ce min foselin ne. Wani yaron shago har cewa ya yi, "Alhaji, ɗan Sifen sai jikokinka sun gada." Ni ko Hajji ban je ba, amma uwargida ta ji wannan magana ta riƙe.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne na gidan yayana. Shekara biyu da saka tayil, wata rana da azahar suna zaune sai suka ji ƙara kamar an fasa kwalba, tayil shida suka tashi a tsakiyar falo. Shi dai ya ce ɗan Caina ne ya cuce shi. To don Allah, bambancin kuɗin nan na inganci ne ko sunan ƙasa kawai ake sayar mana?

Garba Mai Tayil ya amsa:

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a shiga da rai da lafiya. Shekarata 16 ina durƙuson wannan aiki, gwiwoyina ne shaida.

Bari in fara da gidan Yaya, don shi ya fi ci min rai. Ko ban je ba, na san an manne tayil ɗin ne baki da baki, ba a bar masa wurin motsi ba. Zafin Maris da Afrilu a garin nan yana kai digiri 40, kankare ya buɗa, tayil ya buɗa, in babu rata sai su yi ta tunkuɗar juna har na tsakiya ya yi tsalle. Ko daga Italiya aka yi masa jirgi haka zai yi. A bar milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane biyu da ɗan giciyen roban nan, a kuma bar rata a gindin bango, sikatin zai rufe ta. Masu gida ne ma ke matsa mana wai ba sa son ganin layi.

Sai maganar foselin. Abin da ya raba shi da siramik na gama-gari shi ne shan ruwa. Ana gasa shi a wutar da ta kai wajen digiri 1,200, ya cure kamar tangaran, kuma ƙa'ida ita ce kada ruwan da zai sha ya wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa. Ba sai ka yi musu da yaron shago ba. Sayi fiyawota a bakin ƙofa, ka kifa tayil ɗin, ka zuba masa a baya, ku ci gaba da hira minti biyar. In ka waiwayo ka ga ruwan na nan kwance, foselin ne. In ya shanye ya bar duhun danshi, siramik ne, sai a yi maka kuɗin siramik. Kada farin baya ya ruɗe ka, akwai siramik mai farin jiki.

To wannan rashin shan ruwan shi ne ke kayar da yaran da suka koyi aiki a kan siramik. Sun saba jiƙa tayil a baho, su kwaɓa siminti da yashi, su ɗora su bubbuga. Siramik yana tsotsar ruwan simintin ya kama. Foselin ba ya tsotsa, sai ya zauna kawai a kai kamar faranti a kan tabarma. Bayan shekara ka ƙwanƙwasa da mukulli ka ji yana amsawa kamar ƙwarya. Gam ɗin tayil yake so, a shafa da cokali mai haƙora a kan daɓen da aka daidaita. Ka sa kuɗin gam cikin lissafinka tun yanzu, buhunansa ba kaɗan za su tafi ba.

Gaskiyar ɗan Sifen kuwa, in na asali ne kuma zaɓin farko, daɗinsa a hannun mai aiki yake. Ka buɗe kwali hamsin duk girmansu ɗaya, gefe a miƙe, layi ya tafi sak daga ƙofa har bango. Ɗan Caina hawa-hawa ne, na taɓa saka wanda ya fi wani ɗan Turai kyau, na kuma taɓa saka wanda na yi rantsuwa ba zan ƙara taɓawa ba. Ɗan Indiya mai arha abin da na fi kama shi da shi lanƙwasa ce. Ka ɗauki biyu daga kwali daban-daban, ka haɗa su fuska da fuska, ka ɗaga ka duba gefen. In haske na ratsawa ko suna rawa, bakinsu zai riƙa kama yatsan ƙafa bayan an saka.

Lissafinka: kwalin 60 da 60 guda huɗu ne, murabba'in mita 1.44. Ƙara kashi goma na yanka da fashewa a kan 130 ɗinka, ya zama 143, wato kwali 100. Ka saye su lokaci ɗaya, ka duba lambar rukunin da aka gasa tare a jikin kwali ta zama iri ɗaya. In ka sayi 60 yau ka ce sauran sai an yi albashi, za ka tarar kalar ta ɗan sauya, kuma sai an gama sakawa rana ta hasko ta taga za ka gani.

Maman Ilham ta amsa:

Baban Sadiq, ka ce wa maiɗakinka wata 'yar'uwarta daga Pantami tana gaishe ta, kuma ta ji ta bakin mai shara kafin ta ji ta bakin mai shago. Ni na nace sai baƙi mai ƙyalli a falo, na samu. Da hunturu ya shigo, sau uku nake gogewa a yini, kafin in kai ƙofa sawun yara ya cika inda na faro. Ruwan rijiyar burtsatsenmu kuma in ya bushe sai ya bar fari-fari a kai. Mai ruwan ƙasa ko toka-toka ya fi rufa asiri.

Banɗaki kuwa kada ku kuskura ku sa mai santsi, komai tsadarsa. Surukata ta zame wajen alwala, sai da ta yi wata biyu tana sallah a zaune. Daga baya muka fasa muka sa mai kaushi. Haka baranda, saboda feshin ruwan sama. Ni da zan sake, kuɗin da na zuba a ƙyalli da na sa shi a kabad ɗin kicin.

Alhaji Bappa ya amsa:

Malam, ni harkar nake yi, daga Legas nake ɗauko kaya, don haka ka cire kason son kai daga maganata. Ba zan rubuta farashi ba, kafin Juma'a zai iya canzawa a ce na yi ƙarya.

Bambancin kuɗin gaskiya ne, amma ba duka ne na inganci ba. Ɗan Sifen yawanci daga yankin Kasteyon yake fitowa, ɗan Italiya daga Sasuwolo, can albashin ma'aikaci da kuɗin iskar gas da ake gashi da ita suna da tsada, kuma da Yuro ake saye. Ɗan Indiya daga Morbi ne a jihar Gujarat, ɗan Caina mafi yawa daga Foshan, inda masana'antu suke birjik kowa na karya wa ɗan'uwansa farashi. A can ɗan kasuwa ne ke faɗin hawan da yake so, su yi masa daidai kuɗinsa. Shi ya sa za ka ga ɗan Caina mai kyau da marar kyau, mu ne muke zaɓowa.

Daga 2015 Babban Banki ya sa tayil cikin kayayyaki 41 da ba ya ba su dala, sai a kasuwar bayan fage muke nema. An ɗage wannan a Oktoban 2023, amma kafin nan an saki Naira a Yunin shekarar, dalar gwamnati da take wajen 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Ka ɗora kuɗin kwastam, ka ɗora mota daga Legas zuwa Gombe, tafiyar sama da kilomita 1,000. Kwali ɗaya na foselin yana kai kilo 30, kwali 100 ɗinka tan uku ke nan. Direba ba ruwansa da ƙasar da aka yi shi, nauyi yake caja.

Abu biyu zan ja kunnenka a kai. Kwali ba shaida ba ne, ni kaina an taɓa sauke min kaya a kwalin Sifen, da na buɗe na juya bayan tayil ɗin babu tambarin komai. Na asali galibi za ka ga sunan ƙasar a gashe a bayansa. Sannan ko a ɗan Sifen akwai zaɓi na biyu, mai ɗan tabo ko saɓanin girma, wasu su sayar maka a kuɗin na farko. Kuma ban ga ka ambaci na gida ba. Ana yin tayil a Ajakuta da jihar Ogun, har da foselin. Ka ce a fito maka da shi, ka yi masa gwajin ruwan da Garba ya faɗa tare da sauran.

Injiniya Tumfure ya amsa:

Oga Garba ya yi bayani, amma ban yarda a wanke tayil daga laifi gaba ɗaya ba. Mai arha sosai fatar samansa siririya ce, yashin da takalmi ke kwasowa yana cinye ta a bakin ƙofa. Ka duba kwali ko akwai lambar PEI, wato ta jure cinyewar saman tayil, daga 1 zuwa 5 take. Ɗakin kwana 3 ta isa, falo da hanyar wucewa ka nemi 4. Na banɗaki kuma a duba lambar hana santsi, a nemi R10 ko sama.

Sannan Malam, cikon da aka yi kafin a zuba jamanfulo, an daddanne shi da inji ko leburori ne suka tattaka? Wasu filayen gefen garin nan laka ce, ta kumbura da damina ta tsage da rani. In daɓen ya tsage, tayil ɗin da ke kansa zai bi layin. Ka zaga ka duba tun kafin a rufe.

Baban Sadiq ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya bayan la'asar na koma da fiyawota biyu a aljihu. A shagon farko, wanda aka ce min foselin ɗan Caina ne ya shanye ruwan kafin mu gama gaisawa, yaron ya ce wai kuskuren kwali ne. Ɗan Sifen ya riƙe ruwansa, kuma akwai tambari a bayansa. Ɗan Indiya na shago na biyu shi ma ya riƙe, na haɗa guda huɗu fuska da fuska ban ga haske ba, sai ɗaya da ya ɗan yi rawa. Shi nake ganin zan ɗauka na falo da ɗakuna, mai ruwan ƙasa, banɗaki da baranda kuma mai kaushi na gida. Uwargida ta karanta saƙon Maman Ilham sau biyu, ta ce to a ƙara mata kabad.

Injiniya, na duba, akwai wata siririyar tsaga a ƙaramin falo daga ƙofa zuwa taga, tsinken ashana ba ya shiga. A cike ta a ci gaba ko sai an fasa wurin? Malam Garba kuma, gam buhu nawa zan tanada na mita 130, kuma kana da sarari bayan sati biyu?