Fallen katakon tsohon akwatin shayi ya fara ɗagawa, wane gam zan sa?

Hadiza_K:
Assalamu alaikum. Akwatin ganyen shayi ne ƙirar Ingila, na wajejen 1820, mai ɗaki biyu da gurbin kwanon gilashi a tsakiya. Siririn fallen rozwud (wani katako mai duhun launi) da aka liƙa a murfin ya kumbura a wuri ɗaya, kamar faɗin babban yatsa, kusurwa ɗaya kuma ta ɗaga. In ɗura sufa gulu in danne? Sannan takardar ƙarfen da aka shimfiɗa a ciki tana ɓarewa.

Malam_Kafinta:
Wa alaikumus salam. Hajiya, ajiye sufa gulun nan. Da gam na fatar dabba aka liƙa fallen, wanda zafi da laima ke narkar da shi, shi ya sa ake iya gyara aikin shekara 200. Gam na zamani in ya kama ya kama, kuma in ya tsattsafo sama zai bar tabo.

Gangar jikin akwatin galibi katakon fayin ne ko na mahogani. In iska ta bushe sai ya tsuke ta faɗinsa, fallen bai bi shi daidai ba, tsohon gam ya saki. Kumburin kenan.

Ki samo irin wannan gam na fata, ki jiƙa ƙwayoyinsa da ruwan sanyi a kwalba su kwana, ki ɗora kwalbar cikin ruwan zafi na kusan digiri 60. Kada ya tafasa, ƙarfinsa zai mutu. Ki tsaga kumburin da sabuwar reza, bin layin katakon. In kika gitta, tsagar za ta fito fili har abada. Ki ɗura gam da sirinji, ki murza da yatsa ya bazu, ki goge wanda ya fito da tsumma mai ɗan danshi. Sai takarda mai kaki, sai ɗan katako mai santsi da kika ɗumama, ki matse awa 24. Ki tokare murfin ta ciki, don matsi na iya fasa shi. Kusurwar kuwa, ki fara kankare tsohon gam da dattin da ke ƙarƙashinta, in ba haka ba ba za ta kwanta ba. Wasu lokutan ma dutsen guga mai ɗumi bisa tsumma ya isa ya farfaɗo da tsohon gam.

Binta_Tarihi:
Malam, a kan dutsen guga ban yarda ba. In an shafe akwatin da shelak (wani irin fenti mai sa katako ƙyalli), zafi da danshi za su bar farin tabo nan take. Barasa ma narkar da shi take yi. Kuma kada samfefa ta kusanci murfin: hasken rana ya riga ya kodar da saman rozwud, kina gogewa duhun ƙasan zai fito, wurin ya bambanta da sauran. Kakin zuma kaɗan ya wadatar.

Takardar cikin akan samu dalma a haɗinta. A bar abin da ya rage a wurinsa, masu saye sun fi son ganin ta asali ko da ta zaizaye. Amma kada a sake zuba shayin sha a ciki, a wanke hannu bayan taɓawa. A ajiye shi nesa da taga da na'urar ɗumama ɗaki, inda laimar iska ke tsakanin kashi 40 zuwa 60.

Sani_Gwanjo:
Tunda kusurwa ta ɗaga, ki duba kaurin fallen. Na wancan zamani da zarto aka yanka, yakan haura milimita 1, kuma kaurin ba ya zuwa ɗaya. In siriri ne kamar takarda, wajen 0.6, to ko an sauya shi daga baya ko akwatin bai kai shekarun da aka ce ba.

Ki kuma dubi farin abin da ya kewaye ramin makulli. Ƙashi yana da ƙananan ɗigo baƙaƙe, hauren giwa kuma layuka ne masu gittawa. In haure ne, dokar Birtaniya ta 2018 ta hana sayarwa sai an yi rajista, kuma sai kayan ya girmi 1947 haurensa bai kai kashi 10 cikin 100 na girman kayan ba. Rozwud na Brazil shi ma yana ƙarƙashin CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirrai masu fuskantar ƙarewa, tun 1992, ba ya ƙetare iyaka sai da takarda.