Mai tsara min aiki yana da galahanga, yaran shago sun sa shi gaba. Ina mafita?

Mai Ɗab'i daga Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wajen masu riƙe da ma'aikata. Shagon ɗab'i gare ni, muna buga katin biki, kalanda, rasit na 'yan kasuwa, lokacin siyasa kuma fasta. Akwai wani matashi da ke zama kan kwamfuta yana tsara mana aiki da manhajar zane ta CorelDraw. Wallahi ban taɓa riƙe mai ido irin nasa ba. Harafi ɗaya ya kauce a sunan amarya, ko lambar waya ta rasa ɗaya, shi zai gano kafin a kai inji. Duk wanda ya san ɗab'i ya san kuskure ɗaya a kati dubu asarar takarda ce da tawada gaba ɗaya.

Sai dai ba ya kallon mutum a ido, sau da yawa kwastoma zai yi sallama bai ɗago ba. In aka tayar da janareta, ga injin yanka takarda na aiki, sai ya toshe kunne, wani lokaci ya fice ya bar aikin. In aka ce ya ajiye wannan ya kama wancan na gaggawa, sai ya rikice ya kasa taɓuka komai. Wani Alhaji ya ce min girman kai ne. Yaran inji na kwaikwayon maganarsa, ɗaya har cewa ya yi aljanu ne. Mahaifiyarsa ta kawo min takardar likita: galahanga ce, wato otizim, tun yana ƙarami aka gano. Korarsa ba ta cikin raina. Amma in na sassauta masa, sauran za su ce 'yan mowa da 'yan bora nake yi. Ya zan yi?

Hajiya Mai Kula da Ma'aikata:
Wa alaikumus salam Malam. Allah ya saka da alheri da ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Abin da ka lissafa yawancinsa gyaran tsarin shago yake so. Ka fara da kunne. Ƙarar da kai ka saba da ita, shi ciwo take masa na gaske, don ƙwaƙwalwarsa ba ta tace sauti yadda taka ke yi. Ka matsar da teburinsa nesa da janareta, ya fuskanci bango, ka saya masa abin toshe kunne irin na masu aikin kamfani. Kuɗinsa bai kai na rim biyu na takarda ba.

Sai maganar umarni. Kada mutum uku su riƙa jefo masa aiki. Bakinka kaɗai, kuma a rubuce, ko a WhatsApp: na farko kaza, na biyu kaza, ƙarfe kaza ake so. “Ka ɗan duba wannan in ka samu sarari” ba zai fahimce ta a matsayin gaggawa ba, don magana yake ɗauka yadda aka faɗe ta. In aikin gaggawa ya faɗo, ka ce masa nan da minti goma za a canza, ya adana na hannunsa. Wannan ɗan sanarwar ita ce ke hana rikicewar da kake gani.

Kuma don Allah kada ka tara yara ka sanar da su lalurarsa sai da yardarsa. Sirrinsa ne. Ka zaunar da shi ka tambaye shi me ke takura masa, za ka sha mamakin yadda ya san kansa.

Baban Zara'u:
Hajiya na yarda da ke, amma gaisuwa fa? A ƙasar Hausa wanda ba ya amsa sallama ciniki yake kora, ko mene ne uzurinsa. Ni dai ina ganin a koya masa.

Hajiya Mai Kula da Ma'aikata:
A koya masa, Baba, zai kuma iya. A faɗa masa a fili cewa in baƙo ya shigo ga abin da ake faɗi. Kallon ido ne kada a tilasta. Mafi sauƙi ma, wani ya riƙa karɓar kwastoma, shi a bar shi da allonsa.

Yayar Wani:
Malam, maganarka ta taɓa ni, ƙanena haka yake. Wurin aiki biyu ya bari, kuma ba aikin ne ya gagare shi ba, tsokana ce. Yana dawowa gida ya shige ɗaki, ko abinci ba ya ci. Wannan kwaikwayon da yaranka ke yi, shi ya fi janareta cutar da shi. Ba sai ka ambaci ciwon kowa ba, ka kafa doka cewa a shagonka ba a yi wa mutum ba'a, wanda ya sake ya ga ba daidai ba. Batun aljanu kuwa ka kashe shi tun yanzu. Haka aka haife shi, ba taɓin hankali ba ne, ba kuma abin da za a kore da hayaƙi ba.

Kan 'yan mowa da 'yan bora: in mai ciwon baya ya nemi kujera mai majingina, wa zai ce son kai ne? Ka tambayi sauran ma abin da zai sauƙaƙa musu aiki, ka ga bakin kowa ya mutu. Ka kuma sani cewa dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta haramta nuna bambanci saboda lalura, har ta ce hukumomin gwamnati su ware aƙalla kashi 5 cikin 100 na guraben aiki. A ƙasashen waje kuwa kamfanonin manhajar kwamfuta, SAP tun 2013, Microsoft tun 2015, shiri na musamman suka buɗe suna neman masu galahanga, saboda wannan idon da kake yabo.

Mai Ɗab'i daga Fagge:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Akwai lungu kusa da sito, gobe in Allah ya kai mu zan sa a ja masa wayar lantarki zuwa can. Hajiya, tambaya ɗaya ta rage: zaman da zan yi da shi, mu biyu ya fi, ko in kira mahaifiyarsa?

Hajiya Mai Kula da Ma'aikata:
Ku biyu. Ma'aikacinka ne, babban mutum ne. Ka tura masa tambayoyin a rubuce yau da dare, ya kwana da su. In shi ya ce a kira ta, sai a kira.