Taƙaitaccen bayani kan kallon tsuntsayen hunturu a gaɓar tekun Gana

Masu kallon tsuntsaye da suka tattauna kan tafkunan Sakumo, Songor da Keta, waɗanda aka sanya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar ta kare wuraren dausayi a 1992, sun yi ittifaƙi cewa sammako ya fi, musamman idan ruwan teku yana cikowa, domin a lokacin ne tsuntsayen da suka gudo wa sanyin Turai ke matsowa bakin taɓo. Sun ce mutum ya bai wa rana baya, ya gaishe da masunta kafin ya ratsa wurinsu, kuma kada ya tayar da garke don neman hoto, tunda kitsen da tsuntsayen suke tarawa shi ne guzurinsu na komawa arewa a watan Maris ko Afrilu.

Inda aka fi daɗewa shi ne batun tsuntsun da aka gani ba a lokacinsa ba. Da hunturu yawancin baƙin nan kan koma launin toka, ga hazo yana dusashe gani, saboda haka tsawon baki da launin ƙafa ne abin dogaro. Wanda ya ga ɗayansu a watan Yuni kada ya yi gaggawar shela, domin ƙananan da ba su isa yin sheƙa ba sukan yi zamansu duk shekara. Amma shamuwa a watan Janairu, lokacin da ya kamata tana kudancin Afirka, ta cancanci hoto da rubuta rana da wuri nan take, sannan a shigar da bayanin a eBird, shafin intanet na tattara bayanan tsuntsayen da aka gani. A ganina, shawarar da ta fi muhimmanci ita ce a karanta zoben da ke ƙafar tsuntsu, domin shi ke nuna ƙasar da aka ɗaura masa.