Wa ya taɓa ratsa kwazazzabon Kutus da ƙafa?

Mushen Birni:

Assalamu alaikum ƴan uwa. Tambaya gare ni, amma sai na ɗan ba ku labari kafin ta fito.

Ni malamin makaranta ne a nan Damagaram, ina koyar da tarihi da labarin ƙasa, gidanmu a Birni. Kafin a maido ni gida na yi shekara 3 ina koyarwa a wani ƙauye arewa da Gure, ta wajen Kelle, a gindin duwatsun Kutus. Wanda bai taɓa zuwa ba zai zaci irin namu ne na Birni, mulmulallun nan da suka hau kan juna. Ba haka ba ne. Namu dutse ne mai tauri da ba ya riƙe ruwa, shi ya sa garin nan yake fama da ƙishi tun kaka da kakanni, sai an jawo mana daga Gogo da Machaya da Arunguza. Na Kutus kuwa rairayi ne ya daskare ya zama dutse, samansa a shimfiɗe kamar faifai, gefensa a tsaye kamar katanga. Ruwan damina ya yi ta cin sa har ya tsattsage shi.

Ɗaya daga cikin tsagogin nan ne ya tsaya mini a rai. Wata ranar Lahadi cikin ɗari na bi wan wani ɗalibina da ke kiwon awaki, muka shiga ta bakinsa. Da fari fili ne mai anza da aduwa da ƙarangiya. Muna tafiya katangun suna matsowa, har muka kai inda in ka buɗe hannuwa za ka kusa taɓa duka biyun. Rairayin ƙasa sanyi ƙalau, kamar ba a ƙasarmu ba. Muka iske ɗan ruwa kwance a ƙarƙashin wani fa, da sawun dila a bakinsa, remaye suna leƙenmu daga sama. Daga nan sai wani dutse da ya fi tsayin mutum biyu ya tare hanya. Yaron ya ce mini a iya saninsa masu ɗiban zuma kaɗai ke haurawa. Rana ta yi ƙasa, muka juyo.

Yau shekara 6 ke nan. Duk lokacin da na zo darasin zaizayar ƙasa, in zana kwazazzabo da alli a allo, sai in ji kamar ina cutar yaran, don na san akwai na gaske a cikin jiharsu. Gani ya kori ji. Ina so cikin babban hutun nan, a watan Agusta, ni da abokaina biyu mu shiga ta baki mu fita ta sama, kwana biyu, in ɗauko hoton ruwan yana gudu. Tambayata: lokacin ya yi? Ruwa nawa za mu ɗauka? Wa ya kamata mu sanar kafin mu shiga?

Tsohon Direban Abzin:

Wa alaikumus salam. Ɗana, niyyarka mai kyau ce, Allah ya yi albarka. Amma watan da ka zaɓa, shi ne zan roƙe ka ka bari.

Shekara 27 na yi ina jan babbar mota tsakanin Damagaram da Agadas, ta Tanut da Adarbisinat, kuma na sha hawa cikin Abzin ɗaukar albasa. Abin da korama take yi a cikin dutse na gan shi da idona, ba labari aka ba ni ba.

Wata shekara cikin marka dare ya yi mana a bakin wata korama, arewa da Dabaga. Busasshiya ƙayau, rairayi fari mai laushi, sama kuma tauraro ko'ina. Yaran motata suka sauke tabarmi za su shimfiɗa a tsakiya, ni ma da can zan kwanta, don gefen duk tsakuwa ce. Wani dattijon Buzu da muka ɗauko ya hana. Bai yi dogon bayani ba, ya nuna mana wata bagaruwa a gaɓa, ya ce mu duba reshenta. Na haska da cocila, sai ga busasshiyar ciyawa da ƙirare sun maƙale a wurin da ya fi kaina tsawo. Ya ce ruwa ne ya ajiye su. Muka kwashe kayanmu muka hau tudu, na ja motar baya.

Wajen ƙarfe biyu na dare na farka da wata iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Sai ƙara daga nesa, na rantse na ɗauka wata mota ce take tahowa. Kafin mu gama tashi ruwa ya iso, ja wur, gabansa kumfa da itatuwa da kashin awaki, ana jin duwatsu suna gwaruwa a ƙarƙashinsa. Inda yaran suka so kwanciya ya shafe. Mu kuwa ko ɗigo bai sauka a kanmu ba. Hadarin can cikin duwatsu ya zuba, inda ba mu gani ba, kuma dutse ba ya shan ruwa kamar jigawa, duk abin da ya sauka sai ya taru ya bi hanya ɗaya.

Ka tuna farkon watan Satumba na 2009, da koramar Telwa ta ɓalle ta shiga Agadas cikin dare, gidaje dubbai suka rushe. Wannan fa a fili ne, inda mutum yake da wurin gudu. Kai kana maganar inda hannunka ke taɓa katanga biyu. In ya same ka a can, ina za ka hau? Na san Kutus bai kai Abzin girma ba, amma halin ruwa ɗaya ne.

In hoton ruwa kake so, ka tsaya a sama ka ɗauka, daga bakin gaɓa, kuma kar ka matsa ƙarshenta. Shiga ciki kuwa ka bari sai an kai amfanin gona gida.

Ƴar Sabon Gari:

Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi aiki a likitocin ƙauye kafin in dawo gari. Maganar Baba ita ce babba, ni zan ƙara abin da ya shafi aikina.

Kububuwa. Ƙarama ce, launinta ya saje da tsakuwa, tana son gindin dutse, kuma da dare take yawo. Dafinta yana hana jini daskarewa. Mutum zai ce ai ƙafa ce kawai ta kumbura, bayan wasu awoyi ko kwana ɗaya sai jini ya fara fita ta dasashi, ta fitsari, ta tsohon miki. Na karɓi waɗanda aka kawo a makare bayan an tsattsaga wurin da reza an ɗaure da roba, kuma tsagar nan ita ta ƙara musu zubar jini. Kar a tsaga, kar a tsotsa, kar a ɗaure tam. Baƙin dutsen nan da ake mannawa ba ya zuƙe dafi. A cire zobe ko agogo, a hana ƙafar motsi, a ɗauki mutum zuwa likita, allurar maganin dafi ita ce magani. To ka yi lissafi da kanka: daga tsakiyar kwazazzabo zuwa ƙauye, daga ƙauye zuwa Gure, ga kuma sama da kilomita 160 daga Gure zuwa nan in abin ya yi tsanani. Don haka takalmi rufaffe mai kauri, dogon wando, sanda a hannu, kuma ba a cusa hannu a ramin da ido bai gani ba. Da safe a zazzage takalmi saboda kunama.

Ruwa kuma, kowane mutum lita 5 a yini, ban da na girki. Ruwan da ke kwance cikin fa kar ku sha sai kun tafasa. Kurkunu dai Allah ya raba mu da shi, tun 2013 aka tabbatar babu shi a Nijar, amma gudawa tana nan, kuma gudawa a inda ruwa ya yi ƙaranci tana kayar da ƙato cikin yini ɗaya. Ku tafi da gishiri da sukari: lita ɗaya, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri.

Ɗan Gure:

Mushe, sannu da ƙoƙari. Ni can aka haife ni, kakannina na wajen uwa Dagira ne, ina yaro na yi kiwo a gindin duwatsun nan. Na ji daɗi da wani ya tuna da mu, don in an ce duwatsu a ƙasar nan kowa sai ya ce Abzin ko Tarmit.

Na yarda da Baba, sai dai ban so ka jira har tsakiyar ɗari ba. Ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba ya fi. Hadari ya ɗauke, ruwa bai gama ƙafewa a cikin fa ba, ciyawa da sauran kore, kuma hazo bai sauko ya ɓata maka hoto ba. In makaranta ta hana, hutun ƙarshen Disamba ma ya yi, sai dai ka ɗauki bargo biyu.

Abin da ya fi damuna a shirinka shi ne ku uku, dukanku ƴan birni. Da ɗan gari akan ci gari. Ka fara sauka wurin maigarin da ka zauna da su, ka kai goro ka gaishe shi, ka faɗi abin da ya kawo ka, shi zai haɗa ka da mai ɗiban zuma ko maharbi. Ka biya mutumin da kyau, yininsa ka ɗauka. Kuma ka biya ta wurin jandarmomi da ma'aikatan gandun daji a Gure ka nuna takardarka ta aiki. Zamanin nan baƙi uku da jakunkuna suna ɗaukar hoto a daji, in ba a san da su ba, abin zargi ne.

Dutsen kansa kar ka amince masa. Yana ɓarewa a hannu kamar busasshen tuwo, abin da ka kama ka ɗauka ya riƙe ka sai ya biyo ka. Kuma kar ka taɓa dira inda ba za ka iya hawowa ba. Wani ɗan uwanmu ya bi akuya ya dira wani gurbi haka, gaba rami, baya katanga, sai da ya kwana biyu kafin a ji kiransa a zura masa igiyar guga. Ku tafi da igiya mai ƙarfi. Inda kuka ga zuma tana shiga tsaga, ku wuce shiru, ba turare, ba hayaniya. Salula kuwa da kun shiga ciki babu rezo, sai ku bar wa maigari magana: in rana kaza ta faɗi ba mu fito ba, a biyo sawu. Idan jagoranku ya ce wani wuri ba a shigarsa, kar ka tsaya gardamar boko da shi, ku kewaye.

Mushen Birni:

Baba, na gode, Allah ya ƙara girma. Maganar ciyawar da ke kan reshe ta sa jikina ya yi sanyi, don yanzu na tuna na ga irinta a ranar nan, a kan wata magarya kusa da dutsen da ya tare mu, sama da kaina sosai. Na ɗauka sheƙar tsuntsu ce. Na fasa shiga a watan Agusta. Zan je dai in gaida mutanen ƙauyen, in yi maganar jagora tun yanzu, in Allah ya kawo ruwa ina can in ɗauka daga sama.

Yaya, na rubuta duk abin da kika ce, har da awon gishiri da sukari.

Ɗan Gure, Disamba za ta fi mini saboda aji. Yaron da ya raka ni ya yi aure yanzu, ina da lambar ƙanensa, yau da dare zan kira in tambaya ko tsohon da ke ɗiban zuma yana nan da ƙarfinsa. In kana gida lokacin, zan so mu haɗu a tashar Gure ka duba igiyar da zan saya kafin mu wuce.