Ceto ne, ko raba ɗa da uwa? Muhawara kan yaran Birtaniya da aka kai wa manoman Kanada

Baban Hafsa: Salamu alaikum jama'a. Na kwana da maganar da Maman Sadik ta kawo jiya, ta yaran Ingila da aka riƙa zubawa a jirgin ruwa ana kai wa manoman Kanada, kuma har yanzu ban ga zaluncin da ake faɗa ba. Ku dubi Landan ta wancan zamani, wato ƙarni na 19. Yaro na kwana a bakin kasuwa, ba takalmi, sanyi na ratsa ƙashinsa. In ya yi sa'a a kai shi gidan gajiyayyu na hukuma, inda tun a ƙofa ake ware shi daga uwarsa. Sai ga wani ya ɗauke shi, ya yi masa wanka, ya ɗinka masa sutura, ya kai shi ƙasa mai fili da abinci ya koyi noma. Gidajen agajin yara da Dakta Barnardo ya kafa a Ingila kaɗai sun tura kusan yara 30,000. In wannan ba riƙon maraya ba ne, to mene ne? Ni dai ceto na gani.

Maman Sadik: Wa'alaikumus salam, Yaya. Bari in gaya maka abin da ya sa na kawo zancen. A nan Toronto akwai maƙabartar Park Lawn, kuma a cikinta akwai wurare biyu da aka binne yara 75 daga cikin waɗanda kake magana. Shekara da shekaru ba ko alama a kansu, sai 2017 aka kafa musu abin tunawa da sunayensu, da 'yar tagar jirgin ruwa mai zagaye a jikinsa. Na tsaya a wurin ina karanta sunayen ɗaya bayan ɗaya, sanyi na shigar mini ta safar hannu, sai na ji ƙafata ta yi nauyi. Abin da ya tsaya mini a rai, kowane ɗaya a cikinsu wata mace ce ta yi naƙudarsa, kuma Allah kaɗai ya san ko an sanar da ita ranar da aka rufe shi.

Baban Hafsa: Allah sarki. Amma ƙanwata, mutuwa ai ko'ina tana nan. Da sun zauna a lungunan gabashin Landan, tarin fuka da yunwa za su ƙyale su ne?

Malama Uwani: Baban Hafsa, kafin mu yi nisa bari mu gyara kalma ɗaya, don a kanta ka ɗora hujjarka. Ka ce marayu. Mafi yawansu suna da uwa ko uba a raye. Mu a wajenmu, gaskiya ne, wanda ubansa ya rasu maraya ne ko da uwarsa na nan, amma ba wanda ya taɓa cewa maraici ya yanke haƙƙin uwa. Abin da ke faruwa shi ne, miji ya mutu ko ya gudu, mace ta rasa kuɗin haya, sai ta kai yara gidan agaji da niyyar in hali ya samu ta dawo ta karɓe su. Ta dawo a ce mata suna Kanada. A tsarin Barnardo, in an ɗauki iyaye a matsayin marasa tarbiyya, sai jirgi ya tashi kafin a aika musu takardar sanarwa. Shi da bakinsa ya amsa cewa yakan sace yaro don alheri. Akwai shari'ar wani yaro Harry Gossage, wanda uwarsa ta nemi a maido mata shi bayan an miƙa shi ga wani mutum mai tafiya Kanada. Magana ta je har kotun ƙoli ta ƙasar, yaro bai dawo ba. Maimakon a ja kunnen masu gidajen, sai a 1891 aka yi dokar da ta ba kotu damar hana iyaye karɓar 'ya'yansu in an ga ba su cancanta ba.

Auta: Anti, tun yaushe aka fara wannan abu? Kuma yara nawa ne?

Malama Uwani: A 1869 wata mata Maria Rye ta kai rukunin farko na 'yan mata garin Niagara-on-the-Lake, ta sauke su a wani tsohon ginin kurkuku da ta mayar gidan saukar yara. A 1870 Annie Macpherson ta bi sahu. Daga nan ƙofa ta buɗe: Barnardo, Quarrier daga Sikotilan, Middlemore daga Birmingham, da ƙungiyoyin coci. Zuwa ƙarshen shekarun 1930 an kai fiye da 100,000 Kanada kaɗai.

Baban Hafsa: To ai ga shi nan, Malama. Fiye da 100,000, sai a ɗauko 75 a yanke wa duka hukunci? Ba a kai su don a watsar ba. Akwai takardar yarjejeniya tsakanin gidan da manomi: ci da sha, sutura, makaranta ga ƙanana, lada ga manya wanda ake ajiye wa yaro har ya girma. Kowa da akwatinsa da kayan sawa da littafin addininsa a ciki. Da yawa sun girma sun mallaki gonakinsu. Yau ana ƙiyasin kusan ɗaya cikin goma na mutanen Kanada jikokinsu ne. Wajen 10,000 sun shiga soja a yaƙin duniya na farko, har ɗaya daga cikinsu, Claude Nunney, ya samu lambar jarumta mafi girma ta Birtaniya. Mutum ba ya ba da ransa ga ƙasar da ta wulaƙanta shi. Kuma ina roƙon mu daina auna mutanen da da mudun yau.

Lauya: Ranka ya daɗe, a wannan gaɓar ta ƙarshe zan tsaya, don ba mudun yau ba ne. Mutanen zamaninsu ne suka fara kuka. A 1874 hukumar Ingila ta tura wani sufeto mai suna Andrew Doyle ya bi sawun yaran gida-gida a Kanada, rahotonsa ya fito a 1875. Abin da ya gani shi ne ana raba yara ga duk wanda ya nema ba tare da an san halinsa ba, ana barin su ba mai leƙawa, wasu ma an rasa inda suke gaba ɗaya. Saboda rahoton aka dakatar da tura yaran gidajen gajiyayyu na wasu shekaru, daga baya aka ci gaba. Yarjejeniyar da ka ambata tana nan a takarda, amma wa zai tilasta ta? Yaro ɗan shekara 11 a gonar da ke nesa da maƙwabta, mai duba shi ya zo sau ɗaya a shekara in ya zo, ya tambaye shi lafiyarsa a gaban wanda ke riƙe da shi. Me kake so ya ce?

Maman Sadik: Kuma Yaya, ba ka san hunturun nan ba. Ni da nake cikin gida mai na'urar ɗumama ɗaki, in watan Janairu ya kama sai na yi shiri kafin in leƙa waje. Ka ɗauki yaron birni wanda bai taɓa riƙe nonon saniya ba, a ɗaure masa takarda mai suna a wuyan riga, a sauke shi a wata ƙaramar tashar jirgin ƙasa ya jira baƙon da zai zo da keken doki. Gobe tun da duhu a tashe shi tatsa da faskare da kwashe kashin dabbobi. Wasu a ɗakin dabbobin suke kwana, kuma ba sa cin abinci tare da 'ya'yan gida. 'Yan mata kuwa aikatau ne, a gidan da in maigida ko ɗansa ya yi musu ta'adi su za a ɗora wa laifi.

Lauya: Misali ɗaya wanda ya shiga kotu. George Green, ɗan shekara 15, yaron Barnardo. A 1895 aka kai shi gonar wata mata Helen Findlay kusa da Owen Sound a Ontario, bai cika shekara ba ya mutu, jikinsa a rame, duk miki. Aka gurfanar da ita, masu kare ta suka ce ai yaron tun asali nakasasshe ne, irin tarkacen da Ingila ke turo musu. Masu taya alƙali yanke hukunci suka kasa cimma matsaya. Wannan zargi, na cewa suna da "gurɓataccen jini", shi ya bi yaran har tsufa. Shi ya sa da yawa suka mutu ba su gaya wa 'ya'yan cikinsu yadda suka zo ƙasar ba.

Kawu: Ku bari in sa baki, tunda an ambaci riƙo, ni kuwa ɗan riƙo ne. Ina shekara 7 mahaifinmu ya rasu, ƙanen babata ya ɗauke ni. Na yi kiwo, na yi noma, na sha duka ma, ba zan ɓoye ba. Amma babata ta san ƙofar gidan. Duk Sallah sai ta zo, ta ja ni gefe, ta ɗaga rigata ta duba bayana, ta matsa hannuna ta ji ko na rame. Matar gidan ta san za a zo a duba, don haka akwai inda take tsayawa. Ɗana Baban Hafsa, abin da ya sa riƙo ya zama riƙo ke nan. In ka sa teku tsakanin yaro da duk wanda zai ɗaga rigarsa, ka ba shi wani suna, kada ka ce riƙo.

Auta: Kawu, wallahi sai na tuna 'yan aikatau da dillalai ke kawowa birni daga ƙauye. Su ma "taimako" ake cewa.

Baban Hafsa: Kawu, na ji, kuma maganarka ta shige ni. Amma a yi adalci, akwai manoman da suka riƙe yaran da amana har suka bar musu gado. Su ma a shafe su?

Malama Uwani: Ba wanda ya shafe su. Amma yaron da ya faɗa hannun na kirki sa'a ya taka, ba tsarin ne ya kare shi ba. Kuma ka tambayi kanka me ya sa sai gona. Kanada na neman hannun aiki mai arha, Ingila na neman rage nauyin ciyar da talakawa, masu mulki na son cika ƙasashen daular da fararen fata 'yan asalin Birtaniya. A 1924 tawagar gwamnatin Birtaniya ƙarƙashin Margaret Bondfield ta je ta duba, a 1925 Kanada ta hana shigo da yara 'yan ƙasa da shekara 14 ba tare da iyaye ba. Sai akala ta ƙara karkata Ostareliya: makarantun gona na ƙungiyar Fairbridge a Pinjarra da Molong, da gidajen limaman Katolika irin Bindoon, inda yaran da hannunsu suka gina manyan gine-ginen wurin, ga duka, ga lalata da su. Bayan yaƙin duniya na biyu an tura wajen 4,000, har zuwa 1970.

Maman Sadik: Waɗannan na baya su suka fi karya mini zuciya, don an gaya wa da yawansu iyayensu sun mutu. A 1986 wata ma'aikaciyar jin daɗin jama'a a Nottingham, Margaret Humphreys, ta samu wasiƙa daga wata mata a Ostareliya mai cewa tana shekara 4 aka sa ta a jirgi, tana neman asalinta. Da ta bi diddigi sai ta tarar ba ita kaɗai ba ce. A 1987 ta kafa ƙungiyar haɗa su da danginsu. Mutum ya yi furfura yana ɗaukar kansa mara kowa, sai a ce masa uwarka na nan da rai, ko mafi ciwo, bara ta rasu tana nemanka.

Lauya: Gwamnatocin ma sun amsa. Firaminista Kevin Rudd ya nemi gafara a madadin Ostareliya a Nuwamba 2009, Firaminista Gordon Brown a madadin Birtaniya a Fabrairu 2010. Majalisar wakilan Kanada ta yi nata a 2017. Bayan rahoton wani kwamitin bincike kan cin zarafin yara a 2018, Birtaniya ta ware fam 20,000 ga kowane wanda ya rage.

Baban Hafsa: Ƙaryar mutuwar iyaye ba ni da abin kare ta, haka aika takarda bayan jirgi ya tashi. Waɗannan na sauka daga kansu, kuma na janye kalmar riƙo saboda Kawu. Inda nake tsaye har yanzu shi ne akwai yaran da ba su da kowa da gaske, waɗanda titi zai cinye, kuma ba zan iya cewa wanda ya ɗauke su bai yi komai ba.

Malama Uwani: Ɗaukar su daga titi ban taɓa ja da ita ba. Barnardo yana da gidaje a cikin Ingila, yana kuma ba da yara reno a ƙauyukan ƙasar. Tsallakar da su teku ita ce ban yarda dole ce ba.

Baban Hafsa: Nan kam da sauran magana tsakanina da ke, Malama. Maman Sadik, in kin sake bi ta maƙabartar nan, ɗauko mana hoton sunayen. Ina son in gani da idona.

Maman Sadik: To Yaya, ranar Asabar ba ni da aiki. Zan je da Sadik, in Allah ya kai mu.